Katakon da Ke Bakin Kifin Athol

A shagon Raelene da ke kan gangaren zuwa bakin kogi a Iluka, bisa firjin da take ajiye jatan lande, akwai wani hoto da rana ta koɗar. Wani siririn mutum ne a ciki da gajeren wando, ƙafafu kamar sillen kara, ya rungumo kifin da ya kusa kamo shi tsawo. A gefen bakin kifin wani ɗan kifin katako yana reto, fari mai jan kai. A ƙasa an rubuta da biro: Athol Creighton, kilo talatin da huɗu, da katakon da ya sassaƙa da hannunsa. Shekara ashirin da biyu hoton nan yana wurin, kuma a duk tsawonsu Athol yana shiga shagon ya sayi ƙugiya da zare ya fita bai ɗaga kai ya dube shi ba. Mutane suka ce ai kawaici ne irin na wanda ba ya son yabo. Ina! Athol ya fi kowa son yabo a garin nan. Kunya ce ke sunkuyar da shi, domin wannan katako bai kama wannan kifi ba.

An haife shi a wata gonar rake can sama da Maclean, ya taso ya ƙi noma ya koyi kafinta. Rabin kabad ɗin kicin da ke garinmu aikinsa ne, kuma duk shekarar da kogin Clarence ya yi ambaliya shi ake kira ya ɓamɓare daɓen katakon da ya kumbura ya shimfiɗa sabo. Aikinsa ba a kushe shi. Bakinsa ne dai sai haƙuri. Matarsa Glenys, wadda ta shekara talatin tana dafa abincin 'yan makaranta, takan ce da ana goge baki yadda ake goge katako da tuni ta kai nasa an rage masa kaifi.

Kifin da ya shiga ransa shi ne malowe, wanda mu nan muke kira juwi. Farin kifi ne mai ƙyalli kamar sabon kwano, yana da wari nasa na daban da ke manne wa hannu, kuma manyansu sun fi ɓarawo wayo. Mutum sai ya shekara goma yana bin su bai taɓa ɗaya ba. Masu nemansa kashi biyu ne. Akwai masu bokiti, waɗanda ke soka ƙaramin kifin nan malet da ransa a ƙugiya su jefa su zauna jira. Akwai masu jifa, waɗanda ke wurga kifin ƙarya na katako ko na roba su jawo, su sake wurgawa, sau ɗari biyu, sau ɗari uku, har kafaɗa ta mutu. Su masu jifa gani suke su ne 'yan gaske, domin sun yaudari kifi da abin da ba ya ci. Athol kuwa shi ne limaminsu tun kafin ya kama ko da na kilo biyar. Ba mai bokitin da zai wuce ta gabansa a kan katangar duwatsun da ta miƙe cikin teku bai sha baƙar magana ba.

"Sannu da kiwo!" zai ce. "An shayar da su kuwa? A kawo maka kujera da bargo, kaka?"

Wanda ya fi shan wannan tsiya shi ne amininsa Merv Doolan, direban motar ɗaukar rake, ƙato mai sanyin hali wanda dariya ba ta yi masa wuya. Merv mai bokiti ne ɗan mai bokiti. Ubansa ne ya koya masa yadda ake soka malet a gadon baya, bayan ƙaya kaɗan, ya yini yana iyo bai mutu ba. Duk kaka sai ya kai wa matarsa juwi biyu ko uku, masu kilo goma, sha biyu. Athol yana ci a gidansa, yana suɗe yatsa, yana cewa kifin raggo ne.

Ranar da abin ya faru, wata safiya ce a watan Mayu, lokacin da malet ke fitowa daga kogi garke-garke su bi gaɓa su yi arewa. Athol shi kaɗai a bakin rairayin da ke bayan gari, awa biyu yana jifa da sabon katakonsa mai jan kai cikin wani kwarmi da igiyar ruwa ta haƙa, ko taɓawa babu. Shekararsa ta uku ke nan yana sassaƙa yana jifa yana cika baki, ba abin nunawa. Sai igiyar ruwa ta wullo wani malet kan yashi daf da ƙafarsa, yana ta fafur-fafur. Ya dube shi. Ya dubi kudu, ya dubi arewa, ba kowa sai tsuntsaye. A ƙasan jakarsa akwai wata tsohuwar ƙugiya guda. Ya ce a ransa sau ɗaya dai, don ya san ko akwai kifi a kwarmin ma.

Ko minti goma ba a yi ba sanda ta lanƙwashe.

Rabin awa suka yi suna ja-in-ja kafin wata babbar igiya ta taimake shi ta ɗoro kifin kan yashi. Athol ya durƙusa a gabansa hawaye na zuba, domin bai taɓa ganin irinsa ba ko a hannun wani. Cikin wannan hali ya jiyo ƙugin mota. Ya waiga, ga farar a-kori-kurar Merv can tana tahowa a kan jiƙaƙƙen yashi. Bai zauna ya yi shawara ba, hannunsa ne kawai ya yi aikin. Ya datse zaren can cikin maƙogwaron kifin inda ƙugiyar ta shige, ya ciro katakon daga aljihu ya ɗaura, ya danna ƙugiyoyinsa a gefen leɓen. Kafin motar ta tsaya ya gama.

Merv ya diro ko ƙofa bai rufe ba.

"Kai, kai, kai! Athol! Wannan kifi ne ko ɗan maraƙi?" Ya zagaya shi, ya tsuguna, sai idonsa ya faɗa kan jan kai. "Tsaya. Da katakon? Ɗan banza, da katakon ka kama shi?"

"Ga idonka ai," in ji Athol.

Iyakar ƙaryar da ya yi da bakinsa ke nan. Sauran duk Merv ne ya yi masa, da zuciya ɗaya. Shi ya ɗauko kyamara daga mota ya ɗauki hoton. Shi ya kai labarin shago da mashaya. Kuma kafin su bar bakin ruwan, sai da ya sauko da bokitinsa daga bayan mota, malet shida suna zagaye a ciki, ya tuntsurar da shi cikin teku.

"Ku je, na 'yanta ku," ya ce. "Mutumina, ka yi gaskiya, ni ne jaki. Daga yau sai katako."

Athol ya bar shi a haka. Daɗin da yake ji a lokacin ya fi ƙarfin gaskiyarsa. Da suka isa gida ya shiga rumfar aikinsa da kifin ya turo ƙofa ya sa sakata, ya farke cikin shi kaɗai, ya ciro malet ɗin da ƙugiyar ya binne a gindin lemon tsami. Glenys ta ƙwanƙwasa da faranti a hannu.

"Yau kuma fiɗar kifi har da kulle ƙofa? Haihuwa yake yi?"

"Ƙudaje," ya ce mata.

Da a nan abin ya tsaya, da ƙaryar masunta ce irin wadda kowa ke yi, a yi dariya a wuce. Amma Merv mutum ne da in ya yarda da abu ya yarda ke nan. Ya ba da bokitin aka riƙa zuba wa kaji ruwa. Ya sayi doguwar sanda, ya karɓi katakai wajen Athol, ya shiga jifa. Shekara ta zo ta wuce. Yakan samu ƙananan nan da muke kira 'yan sabulu saboda laushin namansu, wani lokaci na kilo huɗu ko biyar. Babba kuwa ko sau ɗaya. Wasu mutane hannunsu na jifa ne, wasu na jira ne, Merv kuma na jira ne, kowa ya gani ban da shi. Matarsa ta daina tambayar ina kifi. In an tsokane shi sai ya nuna hoton da haɓa ya ce, "Ni na ɗauka da hannuna. Ana kamawa. Nawa yana nan tafe."

Shi kuwa Athol, shekara guda bayan hoton wani juwi mai kamar kilo goma ya kama ɗaya daga katakansa, ya fizge zoben hancin ya tafi da shi. A lokacin ne ya gane kuskurensa. Zoben da ake ɗaura zare, 'yar ƙusa ce mai murɗi yake dannawa cikin katakon ya sa gam, kamar yadda yake sa marataya a ƙofar kabad. Katako mai laushi ba ya riƙe irin wannan in babban kifi ya girgiza kai. Sai ya koma ratsa waya guda tun daga hanci har wutsiya, ya bi waɗanda ya raba wa mutane ya karɓo da sunan zai sake musu fenti, ya sauya su a ɓoye. Daga baya ma ya kama juwi na gaske da katakansa, na kilo sha biyar, na sha takwas, ba algus. Ya zama abin da hoton ya ce shi ne, ko kusa da haka. Amma na cikin hoton bai taɓa shi ba. Yana rataye a ƙusa a rumfar aiki, da 'yar ƙusarsa mai murɗi a hanci, kuma Athol ba ya son ko kallonsa.

Ranar da Merv ya ajiye tuƙi aka yi masa walima a bayan gidansa, ana gasa tsiran nama ana shan giya. Glenys ta miƙe ta buga cokali a kwalba, ta fito da wani ƙunshi daga jakarta.

"Wannan daga ni da Athol ne, shi bai ma sani ba," ta ce. "Shekara nawa yana rataye yana tara ƙura. Wanda ya ɗauki hoton ai shi ya fi cancanta."

Merv ya warware takardar ya ga jan kai. Ƙaton nan sai ga shi yana share ido da bayan hannu. Ya rungume Athol har ƙafafunsa suka bar ƙasa, mutane suna tafi.

"Ka rataye shi a falo," in ji Athol da aka sauke shi. "Na ado ne yanzu, ya tsufa."

"Falo? Haba! Wannan ajiye shi zan yi sai babbar ambaliya. Ranar zan jefa shi."

Kowa a nan ya san abin da ambaliya ke yi. In kogi ya cika ya yi ja, sai ya koro duk wani ƙaramin kifi zuwa baki, manyan juwi kuma su taso daga teku su yi layi a gindin katangar duwatsu suna jira, da rana tsaka, ba kunya. A irin wannan mako ne kawai mutum kamar Merv ke da rabo. Athol ya shekara huɗu yana addu'ar kada a yi ambaliya, shi da rabin abincinsa daga gyaran ɓarnarta yake fitowa.

Aka yi ta a shekara ta biyar. Kwana tara ana ruwa. Kogin ya koma kalar shayi da madara, yana tafe da karan rake da gungume da mushen shanu. A lokacin kafaɗar Merv ta dama ta riga ta lalace, an sa masa ranar aiki a asibiti bayan mako uku, likita kuma ya gaya masa ƙarara cewa bayan aikin ba shi ba jifa da abu mai nauyi. Ya rage masa wannan makon kaɗai.

Da safen da ruwa ya fara sauka Athol ya same shi a wurin ajiye motoci yana ɗaura jan kai. A aljihun Athol akwai wani sabo fil, kamarsu ɗaya, mai waya a ciki, wanda ya kwana biyu yana yi.

"Ungo wannan. Ajiye wancan."

"Me ya samu wannan ɗin?"

"Katako ne fa, Merv. Shekara ashirin da biyu. Ya bushe."

"Kai ma ka bushe, an jefar da kai ne?" Merv ya ja ƙullin da haƙori. "Wannan ya riƙe kilo talatin da huɗu a gaban idona. Naka sabon me ya taɓa riƙewa?"

"To kawo in duba zoben hancin, minti biyar."

"Kar ka taɓa mini. Sa'arsa za ka goge. Kai dai kishi kake, tsoho, kada in karya maka tarihi da kayanka."

Maganar tana nan a bakin Athol, kalma biyar ko shida. Ya ji ɗacinta a harshe. Amma ga mutane suna ta wucewa da sanduna, wani ya ɗaga masa hannu yana cewa "Sarkin katako, yau sai mun ga aiki!", ga Raelene can da kanta ta rufe shago ta fito. Ya mai da sabon katakon aljihu. Ya ce wa kansa ai ba lalle kifin ya zo ba, shekara ashirin da biyu bai zo ba.

Ya zo wajen ƙarfe sha ɗaya.

Suna can ƙarshen katangar, inda jan ruwa ke haɗuwa da kore. Merv yana jifa da ƙyar, kowace wurgawa sai ya cije leɓe. Yana cikin jawowa a hankali daf da duwatsu sai sandar ta nutsa kamar an rataya mata buhun siminti, kwarkwaron zare ya ɗau kuka. Wani ya yi ihu, "Merv ya kama! Ku janye zarenku!" Duk masu jifa na kusa suka naɗe nasu suka ja baya, don haka ake yi, ba a barin zare a ruwa in wani yana fama da babba. Kuma al'ada ce aminin mutum shi ke sauka da gora mai ƙugiya ya ɗauko masa kifi. Ba wanda ya tambayi wa zai sauka. Aka miƙa wa Athol gorar.

Ya sauka duwatsun nan masu santsi da shekara sittin da takwas a kansa, ruwa yana dukansa har ƙugu. Daga sama yana jin muryar Merv.

"Yana da nauyi, Athol! Wayyo kafaɗata. Yana da nauyi!"

"Sassauta masa! Kar ka matsa, bi shi a hankali!"

Minti ashirin da wani abu. Sai ga kifin ya taso a kan wata igiya, ya kwanta a gefe, fari tas cikin jan ruwa, faɗinsa kamar ƙofa. Ya fi na hoton. Athol ya san haka tun kallon farko. Jan kai yana manne a gefen bakinsa, kuma daga inda yake tsaye yana ganin abin da ba wanda ke gani daga sama: zoben hancin ya fito rabi, murɗin ƙusar yana ƙyalli. Ya miƙa gorar iya tsawon hannunsa. Saura taki ɗaya. Ya ƙara taku, ruwa ya kai masa ƙirji. Kifin ya girgiza kai sau ɗaya, ba da ƙarfi ba ma.

Zaren ya yi sako-sako. Kifin ya ɗan tsaya a wurin kamar bai san an sake shi ba, sannan ya juya ya nutse da katakon a bakinsa.

Da Athol ya hauro, jiƙe sharkaf, gwiwa tana jini, ya tarar da Merv zaune a kan dutse ya naɗe zarensa. A ƙarshen zaren ba komai sai 'yar ƙusa mai zobe, ko gaɓar yatsa ba ta kai ba. Merv ya dube ta, ya dunƙule ta a hannu, ya ɗago.

"Ka yafe mini, mutumina," ya ce. "Na ɓatar maka da shi. Ni ne na ɗaure birkin zaren da yawa. Ya riƙe naka lafiya lau, ni ne ban iya ba. Dama can ban iya ba."

Athol ya sha jin kunya a rayuwarsa, amma bai taɓa jin irin ta ranar ba. Mutane suna ta dafa kafaɗarsa suna cewa ya yi ƙoƙari, saura kaɗan. Ya ajiye gorar ya bi katangar ya tafi gida. Glenys ta ga fuskarsa ta ɗora ruwan shayi.

Da la'asar ya tafi gidan Merv. Ya same shi a tsakar gida yana wanke gishirin sandarsa da tiyo, da hannun hagu. Athol ya tsaya a bakin ƙofar shinge bai shiga ba.

"Ba birki ba ne," ya ce.

"Bar shi kawai, ya wuce."

"Merv, ka saurare ni. Katakon nan bai taɓa riƙe komai ba. Da malet na kama kifin nan. Mai rai. Na hango motarka na yanke zaren na maƙala katakon."

Ruwan tiyo yana ta zuba a kan takalmin Merv. Sannan ya je ya kashe famfo ya dawo, ya tsaya yana kallon ciyawa.

"A ina ka soka shi?" ya ce. "A hanci ko a baya?"

"A baya. Bayan ƙaya kaɗan."

"Yadda na nuna maka."

"Yadda ka nuna mini."

Merv ya gyaɗa kai. Da ya yi zagi, da ya ɗaga hannu, da Athol ya ji sanyi. Bai yi ko ɗaya ba.

"Na iya fa, Athol," ya ce a hankali. "Da bokitin nan na iya. Duk garin nan ba wanda ya fi ni. Babana ya koya mini." Ya taɓa kafaɗarsa. "Kuma da safe ka san zai cire, ka tsaya kana kallona ina ɗaurawa."

"Na sani."

"Je ka gida."

Washegari Athol ya shiga shagon Raelene ana tsakiyar ciniki, ya jawo akwatin lemo ya taka, ya sauko da hoton. Karo na farko ke nan da ya dube shi sosai. Ya ari bironta, ya soke layin ƙarshe, ya rubuta a ƙasa: da malet mai rai. Ya mai da shi ya rataye.

"Wasa kake?" in ji Raelene.

"Karanta dai."

Kafin azahar labari ya gama gari. An yi dariya, ba kaɗan ba, kuma masu bokitin da ya shekara ashirin da biyar yana ci wa fuska ba su rage masa ko ƙwaya ba. Glenys ta ce da ma ta san ƙudaje ba sa sa mutum sakata. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ba don kifin ba, don ya bar ta ta miƙa wa Merv abin da hannunta a gaban jama'a. Duk wannan Athol ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne shirun Merv, wanda aka yi wa aiki ya dawo gida da hannu a rataye, in sun haɗu a hanya ya ɗaga masa haɓa kamar baƙo.

Da Mayu ta zagayo malet suka fara fita, Athol ya sayi bokiti. Fari, sabo, mai murfi. Ya kamo malet shida a bakin kogi ya zuba, ya tafi ƙofar gidan Merv ya tsaya da shi a hannu. Bai ƙwanƙwasa ba. Can matar Merv ta leƙo ta taga ta koma. An ɗau lokaci kafin Merv ya fito, sanye da hularsa, da wata gajeriyar tsohuwar sanda a hannun hagu. Bai ce sannu ba. Ya wuce gaba, Athol ya bi shi.

Katangar nan doguwa ce, kuma ranar Asabar ce, cike take. Athol ya bi ta daga farko har ƙarshe da bokiti yana fantsalo masa ruwa a ƙafa.

"A'a! Wa nake gani haka? Sannu da kiwo, Athol!"

"An shayar da su kuwa?"

"Ku kawo wa kaka kujera da bargo!"

Bai ɗaga kai ba. Kunnuwansa sun yi ja kamar kan katakon nan, amma bai sauya hannu ba, bai yi sauri ba. A ƙarshen katangar Merv ya zauna a kan dutsen da ya zauna ranar ambaliya. Athol ya buɗe murfin, ya kamo malet guda, ya kai hannu zai ɗauki ƙugiya.

"Riƙe mini shi kawai," in ji Merv. Maganarsa ta farko ke nan cikin wata biyu. "Ni zan soka."

Athol ya riƙe kifin da hannu biyu. Merv ya kawo ƙugiyar kan gadon bayan, ya tsaya, ya matsar da ita gaba, ya dawo da ita baya. Yatsunsa suna lalube. Ya soka, ya yi zurfi, ya taɓa ƙashi. Malet ɗin ya yi wata 'yar karkarwa ya sandare a hannun Athol. Su biyun suka tsaya suna kallonsa.

"Na manta wurin," Merv ya ce. Ba da fushi ya faɗa ba, mamaki ne a muryarsa.

Athol ya kau da kai ya dubi teku, domin ba zai iya kallon hannun nan ba. Ya ji Merv ya zare ƙugiyar, ya jefa mushen ga tsuntsaye, ya goge yatsu a wando.

"Kawo wani."

Athol ya tsuguna ya tura hannu cikin bokitin. Saura biyar.